"Yau Ban Samu Komai a Sujada Ba"

Ranar Lahadin da ta wuce, muna fitowa daga majami'a, wani ƙanena cikin Ubangiji ya jero da ni. Na tambaye shi yaya ya ga sujada. Ya ɗan yatsine fuska ya ce, "Yaya, gaskiya yau ban samu komai ba. Mawaƙa ba su motsa ni ba, wa'azin kuma bai taɓa ni ba. Ina ganin mako mai zuwa zan gwada wani wuri."

Ban ba shi amsa a lokacin ba, don bakin ƙofa ba wurin doguwar magana ba ne. Amma maganar ta bi ni har gida, ta kwana da ni. Abin da ya fi damuna shi ne ba baƙuwar magana ba ce. Na ji ta a bakin matasa, na ji ta a bakin dattawa, ni kaina na sha faɗinta. Laifi tudu ne, don haka nawa na fara takawa kafin in hango nasa.

Ga inda na tsaya tun kafin mu yi nisa. A sujada mu ne masu kawowa, Allah ne mai karɓa. Muna taruwa domin mu ba shi girman da ya cancanta saboda ko wane ne shi, da kuma abin da ya yi mana cikin Almasihu. Ta'aziyya da ƙarfafawa da amsar addu'a suna zuwa, amma suna biyo baya ne. Ranar da muka mai da su dalilin zuwanmu, mun sauya wa abin suna ko da ba mu sani ba.

Goshi a ƙasa

Mu dubi kalmar da muke faɗa kowane mako ba tare da mun tsaya a kanta ba. Duk mai jin Hausa ya san sujada: mutum ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa. Kalmomin Ibrananci da na Helenanci da aka fi fassarawa da "sujada" a Littafi Mai Tsarki su ma abin da suke nufi ke nan, faɗuwa ƙasa a gaban wanda ya fi ka. Wanda goshinsa yake ƙasa ba shi da damar ba da maki. Mu kuwa mukan shiga mu zauna kamar alƙalan gasa, mu auna muryar mai waƙa, mu auna tsawon wa'azi, mu fita da sakamako.

Ka tuna Ishaya sura 6. A shekarar da Sarki Azariya, wanda ake kira Uzziya, ya rasu, annabin ya ga Ubangiji a kan kursiyi. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne kaito, domin ya ga ƙazantar leɓunansa. Aka taɓa bakinsa da garwashi daga bagade, aka ɗauke laifinsa, sannan ya ce ga shi, a aike shi. Aikin da aka ba shi kuwa mai ɗaci ne, wa'azi ga mutanen da aka riga aka gaya masa ba za su ji ba. Da ka tare Ishaya a ƙofar Haikali ka tambaye shi ko ya ji daɗin sujada, ban san da wane ido zai dube ka ba.

Tambayar da aka yi a kan Ayuba

A ganina duk gardamar nan tana cikin aya guda, Ayuba 1:9. Shaiɗan ne ya tambaya: a banza Ayuba yake tsoron Allah? Zargin a fili yake. Yana cewa babu ɗan Adam da yake bauta wa Allah domin Allah. Duk ibada ciniki ce, ba ni gishiri in ba ka manda. Ka janye katangar da ka kewaye shi da ita, ka taɓa abin da yake da shi, za ka ji zagi daga bakin da ka saba jin yabo.

Aka taɓa. Tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanu da jakuna da barori, da 'ya'yansa 10, duk a yini ɗaya. Nassi ya ce Ayuba ya tashi ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa ya yi sujada. Bai ɓoye baƙin cikinsa ba, rigar da ya yage shaida ce, surorin da suka biyo baya kuma cike suke da kuka da tambayoyi masu zafi. Amma goshin ya kai ƙasa a ranar da babu ko abu ɗaya da zai ce ya samu.

Ina ganin wannan tambayar ba ta tsufa ba. Kowace Lahadi ana yin ta a kan kowannenmu. Idan na ce zan ci gaba da zuwa muddin ina samun abin da nake so, in ba haka ba in kama gabana, to na ba mai zargin nan gaskiya da bakina.

Yesu ma ya gamu da wannan. A Yohanna sura 6, bayan ya ciyar da mutum 5,000, taro ya haye teku yana nemansa. Bai yi murna da yawansu ba. Ya ce musu suna nemansa ne saboda sun ci sun ƙoshi. Kafin surar ta ƙare da yawa daga cikin almajiransa sun juya baya. Da ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi, Bitrus ya ce, Ubangiji, wurin wa za mu je? Wannan amsar mai sujada ce. Bai ce ya fahimci komai ba, bai ce ya ji daɗin koyarwar ba, ya dai san wanda yake tsaye a gabansa.

To laifi ne in zo da bukata?

Wani zai ce na tsananta. Ai Yesu da kansa ya kira masu wahala da masu nauyin kaya su zo ya hutar da su. Hannatu ta je Shilo da ciwon rashin haihuwa, ta yi ta kuka har Eli ya zaci ta bugu. Bartimawas makaho ya yi ta ihu a bakin hanya ana kwaɓarsa bai yi shiru ba.

Wannan gaskiya ne, kuma ba zan so kowa ya karanta rubutun nan ya ji kunyar kawo hawayensa gaban Allah ba. Roƙo kansa girmamawa ne, domin ba ka roƙon wanda ka raina. Bambancin yana tsakanin ɗa da abokin ciniki. Ɗa yakan roƙi ubansa, a ba shi ko a ce ya jira, gobe da safe zai sake zuwa gaisuwa. Abokin ciniki kuwa in bai samu kayan ba sai ya wuce rumfa ta gaba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka sura 17. Dukansu sun samu. Ɗaya ne kawai ya komo ya faɗi a gaban ƙafafunsa yana godiya, shi ma Basamariye. Yesu ya tambaya, ina taran? Samu bai mai da su masu sujada ba.

Allah yana bukatar yabonmu ne?

Wannan ƙalubalen ya fi na farko nauyi, kuma masu tunani sukan kawo shi da gaske. In Allah cikakke ne, me waƙata za ta ƙara masa?

Ba za ta ƙara masa komai ba. A Zabura 50 ya ce ko da yana jin yunwa ba zai gaya mana ba, gama duniya da abin da yake cikinta nasa ne. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa ba a yi wa Allah hidima da hannun mutum sai ka ce yana rashin wani abu. Muna yabonsa ne domin gaskiya ce, kamar yadda ɗan halak yake gode wa mahaifiyarsa ba don godiyar za ta biya nonon da ya sha ba. Wanda ya ƙi godiya bai rage wa uwar komai ba, shi ne ya zama wani irin mutum.

Nan ne amfanin sujada gare mu yake shigowa, kuma ya fi zurfin abin da ƙanena yake nema. Zabura 115 ta yi magana a kan gumaka masu baki ba sa magana, masu ido ba sa gani, sannan ta ce masu yin su za su zama kamarsu. Mutum yakan ɗauki kamannin abin da yake durƙusa wa. Wanda ya shekara yana durƙusa wa kuɗi, ka dubi yadda yake kallon mutane. Kwana shida duniya tana gaya maka kai ne tsakiyar komai, ko kuma kai ba kowa ba ne. Ranar Lahadi kakan tsaya cikin jama'a ka furta da bakinka cewa akwai Ubangiji, kuma ba kai ba ne. Wannan gyaran ba a jinsa a jiki nan take. Kamar girman yaro yake, wanda yake gida ɗaya da shi ba ya gani, sai baƙon da ya daɗe bai zo ba.

Duk da haka ba na so in mai da wannan ma ya zama wani sabon ciniki. Akwai wani abu a sujada da dole mai lissafi ya kira shi ɓarna. A Betanya Maryamu 'yar'uwar Li'azaru ta zuba wa Yesu turaren nardi mai tsada, Yahuza ya yi lissafi ya ce ya kai dinari 300. Dinari ɗaya ladan ma'aikaci ne na yini guda, ke nan kusan ladan shekara ta zubar a lokaci ɗaya. Yesu ya ce a ƙyale ta. Ita ba ta zo karɓar komai ba a daren nan.

"Ni a gida nake sujadata"

Akwai masu ɗaukar maganar su kai ta wani gefe. Suna cewa tun da Yesu ya gaya wa matar nan Basamariya cewa ba a kan dutsen nan ba, ba kuma a Urushalima ba, sai dai cikin ruhu da gaskiya, tun da kuma Romawa 12:1 ta ce mu miƙa jikunanmu hadaya mai rai, to rayuwa duka sujada ce. Me zai kai ni taro? Ga wa'azi a waya, na zaɓi wanda ya yi mini.

Rabin farko daidai ne. Yadda kake auna wa mai saye kaya, da yadda kake magana da matarka, da yadda kake biyan wanda ya yi maka aiki, duk suna gaban Allah. Marar lafiya da tsoho da wanda aka hana shi fita kuma, Allah yana karɓar sujadarsu a inda suke. Amma wayar nan tana da wani lahani: ba ka zama kusa da kowa a cikinta. Ba ta haɗa ka da ɗan'uwan da ya ɓata maka rai, ba ta miƙa maka ƙoƙon Jibin Ubangiji, kuma da zarar mai wa'azi ya taɓa inda yake maka ciwo sai ka danna ka wuce.

Kiristocin farko sun fi mu dalilin zama a gida. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Roma a Bitiniya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tirajan abin da bincikensa ya gano. Ya ce sukan taru a wata rana da suka keɓe tun kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, su ɗaure kansu da rantsuwa cewa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba za su ci amana ba, ba za su hana mai ajiya ajiyarsa ba. Wanda ya rubuta wannan mai hukunta su ne. Lahadi kuma ba ranar hutu ba ce a lokacin, sai a shekara ta 321 Sarki Konstantin ya mai da ita haka.

A shekara ta 304, lokacin tsanantawar Sarki Diyokiletiyan, an kama Kiristoci 49 a garin Abitina, cikin Tunisiya ta yau, saboda sun taru ranar Lahadi a wani gida bayan an haramta taron. Da aka tambayi wani daga cikinsu da ya karɓi taro a gidansa don me ya bar su suka shiga, ya amsa cewa ba za su iya rayuwa ba in babu taron Ubangiji. Ba su da kayan kiɗa na zamani, ba su da ginin da za su nuna. Me suke samu a wurin da har ya kai su ba da ransu? Duk lokacin da na karanta Ibraniyawa 10:25, inda aka ce kada mu bar taruwarmu, su nake tunawa.

Amma wani lokaci laifin na shugabanni ne

Ba zan yi wa ƙanena rashin adalci ba. Akwai ranar da mutum zai fita da yunwa kuma ba laifinsa ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya su yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Wane ne ya koya wa jama'a su zo da kwandon karɓa? Sau nawa aka tallata taro da alkawarin cewa wanda ya zo matsalarsa ta ƙare a daren nan? Sau nawa aka ɗaura baiko a kan riba, ka ba da kaza Allah ya mayar maka ninki kaza? In ka shekara kana kiran mutane da wannan harshen, kada ka yi mamaki ranar da suka auna ka da shi suka tafi inda aka fi ka alkawari. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni sura 8 ba ta da laushi ko kaɗan.

Akwai kuma sujadar da Allah da kansa ya ce ba ya so. Ta bakin Amos ya ce ya ƙi bukukkuwansu, su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, abin da yake nema shi ne adalci ya gudana kamar ruwa. Waƙar ba ta da aibi, masu rera ta ne suke tattake matalauta. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa taruwarsu ta fi jawo lahani a kan amfani, domin a wurin Jibin Ubangiji wani yana buguwa wani yana jin yunwa. Yakubu ya tsawata wa ikilisiyar da take ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can. Wannan kuwa har yau ana yi, kowa ya gani.

Jastin Shahidi, wani marubucin Kirista na dā, ya bayyana taron Lahadi a Roma wajen tsakiyar ƙarni na 2. Ana karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi a kansu, a miƙe a yi addu'a tare, a kawo gurasa da ƙoƙo a yi godiya, jama'a su ce Amin, masu hidima su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Abin da aka tara kuma a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da na kurkuku da baƙi. A 1544, wajen keɓe wata majami'a a Torgau ta ƙasar Jamus, Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya, ya ce kada a yi komai a gidan sai dai Ubangiji ya yi mana magana ta wurin Kalmarsa, mu kuma mu amsa masa da addu'a da yabo. In mutum yana majami'ar da ba a buɗe Littafi Mai Tsarki sai don a yi ado da aya ɗaya, ko ana sayar da albarka, ba zan ce masa ya zauna ba. Amma ya tashi domin an hana Allah haƙƙinsa ne, kada ya tashi domin ganga ba ta yi masa zaƙi ba.

Jin daɗi fa?

Ba na cikin masu ganin tsarki shi ne ɗaure fuska. Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal wadda ta raina shi ita ce nassi ya nuna ta yi kuskure. In waƙa ta sa ka hawaye, ka gode wa Allah. Matsalar ita ce mai da wannan ma'auni. Kiɗa mai kyau yakan tayar da tsikar jiki a ko'ina, har a wurin da ba a ambaci sunan Allah ba. Zabura 88 kuwa, wadda ke cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah, ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyawa zuwa murna a ƙarshenta. Bulus da Sila sun rera waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk tabon bulala, ƙafafunsu a turu, kuma sun fara ne tun kafin ƙasa ta girgiza.

Da na binciki kaina na ga wani abu. Ranakun da na fi fita ina cewa ban samu komai ba su ne waɗanda na shiga a makare, ban yi addu'a ba, hankalina yana kan waya, ko ina riƙe da wani a zuciya. Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Sau da yawa na tsallake wannan na wuce kai tsaye zuwa kujera, sannan na ɗora wa mawaƙa laifi.

Jiya da yamma na kira ƙanen nawa. Na ce masa ba zan hana shi zuwa inda yake so ba, amma ya ba ni Lahadi ɗaya. Daren Asabar ya karanta Ayuba sura 1, in akwai wanda ba sa ga maciji ya neme shi, ya zo kafin a fara, ya yi wa mai wa'azi addu'a, ya rera kowace waƙa ko da ba irin tasa ba ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, maganar neman wanda muka ɓata ɗin nan ce mai wuya." Na ce masa ni ma akwai wanda zan nema kafin Lahadi.